Garin filatinam da ya kusa tayar mini da gobara

Wata biyu da kwana tara na jira kwalbar nan. Giram ɗaya tak na garin filatinam a kan kabon, kashi 20 cikin ɗari, irin wanda muke shafa wa elektirod, wato sandar da lantarki ke bi ta cikinta, don gwajin mitanol, wani nau'in barasa mai saurin kama wuta. Kun dai san inda farashinsa ya kai tun da dala ta haura. Ni kam sai da na haɗa da kuɗin da na tara na gyaran babur.

Ranar da ya iso ko abincin rana ban ci ba. Na auna miligiram biyar a 'yar kwalba, yana busasshe, na ɗebo barasar itanol na ɗiga masa kai tsaye don in haɗa tawadar da ake shafawa. Wallahi ɗigo na uku bai sauka ba na ga garin ya yi jawur kamar garwashi a kasko, sai fuu, wata siririyar wuta shuɗiya ta tashi a bakin kwalbar. Kwalbar mitanol kuwa tana gefen hannuna, a buɗe. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu ne ya yi wuf ya kifa kofin gilashi a kai, ya dube ni ya ce, "Yaro, ba a gaya maka ruwa ake fara jiƙa shi da shi ba?" Na ce, "Baba, ba wanda ya faɗa mini." Kuma gaskiyata ce, ko layi ɗaya na gargaɗi mai sayarwar bai sa a cikin kwalin ba.

Da hankalina ya dawo sai na ga ai abin yabo ne ma. Ƙwayoyin filatinam ɗin ƙanana ne ƙwarai, 'yan nanomita kaɗan, don haka fuskar da suke baje wa iska tana da yawan gaske. Da tururin barasa ya hau kansu sai su haɗa shi da iskar oksijin nan take, zafi ya taru. Tun 1823 wani Bajamushe, Döbereiner, ya ƙera ƙyastu da wannan hali na filatinam, shi da iskar haidurojin ya yi. Garin kabon zalla ba zai kama wuta haka ba. Washegari na jiƙa shi da ruwa tukuna, na ƙara barasa da ɗan Nafion, sinadarin da ke manne garin a jikin elektirod, tawada ta haɗu sumul. Na sa elektirod cikin asid da mitanol, layin da ke nuna yawan lantarkin da ke gudana ya hau kan allon kwamfuta ya yi tozo mai kyau. Har hoto na tura wa malamina, na ce kuɗina bai faɗi a banza ba.

Ashe da sauran rina a kaba. Da na tsayar da ƙarfin lantarkin wuri ɗaya don in ga juriyar garin, cikin 'yan mintuna na ga layin yana zamewa ƙasa kamar mai gangara daga tudu. Kowace ƙwayar mitanol kamata ya yi ta ba da elektiron 6 ta zama kabon dayoksayid, amma a hanya wani kaso yana tsayawa a kabon monoksayid, ya maƙale wa filatinam ya toshe wurin aikin. Saboda wannan ne ma tun farko na rubuta wa mai sayarwar ƙarara cewa mai haɗin ƙarfen ruteniyam nake so, domin ruteniyam ke tsago oksijin daga ruwa da wuri ya wanke dafin. Sai a lokacin na ɗauki kwalbar na karanta takardar jikinta da kyau, abin da ɗoki ya hana ni yi tun farko. Filatinam ne zalla.

Na kira shi, wai "duk ɗaya ne, Malam, wannan ma ya fi tsarki." Tsarki! Babin bincikena gaba ɗaya a kan kwatanta filatinam zalla da mai ruteniyam ne, kuma kuɗin mai ruteniyam na biya. Garin kansa ba ni da abin cewa a kansa, yana aikinsa. Amma yau mako uku ke nan ina tura saƙo yana karantawa ba ya amsawa, babur ɗina yana jingine a zaure, hannun farar rigata kuma har yanzu da tabon ƙuna.