Common Ground ko baje kolin Mother Earth News: wanne ya kamata ki je?

Hajiya, kin ce kun sayi gida mai fili a baya a Amurka, kina son fara kiwon kaji da ɗan lambu ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, sai aka ambata miki baje koli guda biyu, Common Ground da na Mother Earth News, kuma hutun naki ba zai kai ki duka ba. To, sunan baje koli ne kawai ya haɗa su, amma halinsu ya sha bamban.

Common Ground wuri ɗaya yake ci, a wani ƙaramin gari mai suna Unity a jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabas. Ƙungiyar manoman jihar masu noma da takin gargajiya, wato MOFGA, ita ke shirya shi. An kafa ƙungiyar a 1971, aka fara bikin a 1977, ya koma filinta na Unity a 1998. Kwana uku ake yi, Juma'a zuwa Lahadi, wajen ƙarshen Satumba, kuma mutum kusan dubu 60 ke zuwa. Wanda yake ɗan ƙungiya kyauta yake shiga.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne abin da babu. Babu lilo mai inji, babu rumfunan wasan cin kyauta irin na sauran bukukuwan ƙauye na Amurka. Masu sayar da abinci ma an gindaya musu sharaɗi: kayan girkin su zama waɗanda aka noma ba da sinadari ba, kuma na jihar Maine in dai ana samun su a can. Idan kin gama cin abinci ba kwandon shara ɗaya za ki tarar ba. 'Yan sa-kai ne sanye da safar hannu suke tsince sharar, ragowar abinci gefe guda don a yi taki da shi, abin da za a sake sarrafawa gefe guda. Can kuma kare ne yake kora garken tumaki zuwa shinge, makiyayin na tsaye nesa yana masa fito, karen ya kwanta, ya tashi, ya zagaya. Ga dawakai masu ƙirar samudawa suna jan kaya, ga tanti guda na ulun tumaki zalla. Har gasar jifa da kashin dabbobi ake yi, wanda ya fi nisa ya ci. Ki kwatanta fuskar kakarmu in aka ba ta wannan labari.

Na Mother Earth News kuwa ɗan mujalla ne. Mujallar ta fara fitowa a 1970, kamfanin da ke buga ta yanzu yana Topeka a jihar Kansas, baje kolin kuma an fara shi a 2010 a Seven Springs ta jihar Pennsylvania. Shi ba shi da gida ɗaya. An yi shi a Belton ta Texas, an yi a Asheville ta North Carolina, an yi a West Bend ta Wisconsin. Tsarinsa ya fi kama da makaranta mai kasuwa a tsakar gida: jadawali a hannu, a fita daga wannan darasi a shiga wancan. Yadda ake gina akurki, kiwon zuma, adana tumatir a kwalba, haɗa sabulu, sanya sola. Fitattun manoma irin su Joel Salatin na gonar Polyface a Virginia sun sha yin jawabi a wurin. Akwai ma darasin yanka kaza da fige ta, mutane cike da kujeru suna rubutu. Wannan dai ki tsallake shi, mun iya tun muna yara.

In koyo kika sa gaba, na biyun ya fi saurin ba ki abin da kike nema, don darussan an tsara su ne domin ɗan koyo. Sai dai ki riƙe jakarki da kyau, rumfunan 'yan kasuwa suna da yawa, kowa na nuna miki na'urar da wai in babu ita lambu ba zai yi ba. Shi Common Ground ma akwai jawabai da yawa, amma ƙarfinsa a ganin ido yake: mutumin da ke miki bayanin taki shi ne ya noma kabewar da ke gabanki.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba shi ne yanayi. Maine ƙasar sanyi ce, lokacin nomansu gajere. Shawarar da za ki samu a Unity kan dankali, kabeji, karas da tuffa babu kamarta, kuma kamfanonin iri na jihar irin su Fedco sun ƙware a irin da ke jure sanyi. Amma na san mu, lambun Bahaushiya ba ya cika sai da kuɓewa da yakuwa, su kuwa zafi suke so mai tsawo. Manomin Texas ko North Carolina ya fi sanin halinsu nesa ba kusa ba.

Saboda haka in kuna jihohin arewa masu sanyi, kuma da yara za ki tafi, ni Common Ground zan ce miki ba tare da wani dogon tunani ba. Ki tafi da rigar sanyi don safiyar can akwai sanyi, ki kama masauki da wuri saboda garin ƙarami ne, sannan ki riƙa tambaya a rumfar abinci, don naman alade na nan cikin abin da ake sayarwa. In kuma kuna kudu, ki duba ko Mother Earth News ta sa wani baje kolin a gaba da garin da za a yi shi, ki tafi ke kaɗai da littafin rubutu, ki fara da darasin akurki.