Sabis ɗin shokazoban keken hawan dutse: abin da na biya da abin da na samu

Naira 118,000 ne suka fita daga aljihuna kafin fok ɗin kekena, wato sashen da ke riƙe tayar gaba wanda shokazoba ke cikinsa, ya je Abuja ya dawo Jos a gyare. Duk wanda na faɗa wa wannan adadi sai ya riƙe baki, don kuwa ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024, kuma da kuɗin ana iya sayen wani keken gwanjo sukutum. Duk da haka ina ganin kuɗin sun yi amfani, sai dai akwai wuraren da aikin bai gamsar da ni ba, kuma akwai mutanen da ba zan ba su shawarar su bi wannan hanyar ba.

Keken nawa na gwanjo ne, irin wanda shokazoba ke gaba kawai, bayansa kuma ƙarfe ne zalla. Fok ɗin RockShox Reba ne mai aiki da iska, kaurin sandunansa biyu na sama, masu nutsewa su dawo, milimita 32. Galibi ina hawansa ne ta bayan madatsar ruwa ta Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, wani lokacin kuma in zaga ta Rayfield inda tsofaffin ramukan haƙar kuza suka zama tafkuna. Wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san abin da ke cikinsu: tsakuwa, falalen dutse, zaizayar ruwa, jar laka da damina, ga kuma ƙurar hunturu mai laushi da ke shiga ko'ina daga Nuwamba har zuwa Fabrairu.

Abin da ya sa na nemi mai gyara shi ne fok ɗin ya daina jin ƙananan duwatsu. Idan na faɗa babban rami yana nutsewa, amma a kan tsakuwa sai ya cije, girgizar duk ta dawo wuyan hannu da kafaɗa. Bayan kowace fita kuma sai in ga wani baƙin zobe na datti a jikin sandar hagu. Masu gyaran keke da na zaga wajensu a cikin gari sun iya aikinsu, kuma ina girmama su ƙwarai. Su ne ke miƙe mini wili, su ɗaure sifok, su saita giya, su sauya boris a kan kuɗi kaɗan. Amma fok mai iska ba abin da suka saba buɗewa ba ne. Wani dattijo daga cikinsu ya gaya mini gaskiya cewa ba shi da kayan aikinsa, kuma ba zai taɓa abin da zai ɓata mini ba. Wani matashi kuwa cewa ya yi zai ɗura masa baƙin mai ta sama ya yi laushi, sai na yi masa godiya na janye kekena.

Ta wurin wani abokin hawa na samu labarin wani bakanike a Abuja da ke yi wa masu irin waɗannan kekuna aiki. Na kwance fok ɗin, na naɗe sandunan da tsumma da kwali, na ba direba a tasha.

Abu na farko da ya burge ni shi ne bai fara aiki ba sai da ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp ya nuna mini cikin fok ɗin. Ya saki iskar gaba ɗaya tukuna, ya sassauta notunan ƙasa, ya ɗan buga su da gudumar roba, sannan ya zare kuben ƙasa, wato ƙafafu biyun da sandunan ke nutsewa a ciki, daga jikin sandunan. A ƙa'ida, kowace ƙafa tana ɗauke da ɗan mai, wanda a irin nawa bai wuce babban cokali ɗaya ba, kuma shi ne ke jiƙa bushin, wato zoben da sanda ke zamewa a cikinsa, da wani zoben soso da ke ƙarƙashin robar share ƙura. A ƙafar hagu ko ɗigo bai fito ba. A ta dama abin da ya tsiyayo launin toka ne mai kauri. Zobban soson da ya kamata su zama jiƙe da mai sun bushe sun yi baƙi ƙirin, har ɗaya ya dagargaje a hannunsa.

Ya ce da ni, "Malam, ka ga wannan ƙurar? Idan ta haɗu da ragowar mai, takardar goge ƙarfe take zama. Duk nutsewar da fok ya yi, cin jikin sandar take yi." Sai ya matso da sandar hagu kusa da waya, ya nuna mini wani wuri da launin ya fara kodewa daidai inda bushin ke gogawa. Ya ce farce bai kama wurin ba tukuna, don haka za ta ci gaba da aiki. Da ta riga ta yi zurfi, sabuwar roba ma ba za ta riƙe mai ba, sai dai a sauya saman fok ɗin gaba ɗaya, wanda kuɗinsa kan kusa kai na sayen wani fok ɗin.

Wannan bayanin shi ne ya fi komai amfani a gare ni, domin a nan ne lissafin kuɗin yake. Sandunan alminiyam ne da aka yi wa wani siririn rufi mai tauri. Rufin ba ya dawowa idan ya tafi. Duk sabis ɗin da ake ta magana, babban aikinsa kare wannan rufin ne. Kamfanin RockShox ya ce a buɗe kuben ƙasa a wanke a sauya mai bayan kowace awa 50 ta hawa, a kuma yi babban sabis na ciki bayan awa 200. Kamfanin Fox kuwa, su ma masu ƙera fok, awa 125 suka sa ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Mai hawa awa huɗu ko biyar a mako zai cika awa 50 cikin kusan wata uku. Kamfanonin da kansu suna cewa a matso da lokacin idan ana hawa cikin ƙura ko laka mai yawa, mu kuwa a Filato ba mu da wani yanayi da ya wuce waɗannan biyun. Ina kyautata zaton yawancin kekunan gwanjon da ke shigowa ƙasar nan ba a taɓa buɗe fok ɗinsu ba tun da suka bar masana'anta, kuma mai sayarwa ba zai iya gaya maka tarihinsu ba ko da yana so.

Ga yadda kuɗin suka kasu. Ƙullin robobin share ƙura da zobban soso da ƙananan washa na notunan ƙasa, haɗe da robobin sashen iska, Naira 52,000. Kwalbar man fok da ɗan gwangwanin giris na musamman, 26,000. Ladan aikinsa 25,000. Kuɗin mota kaiwa da kawowa 15,000. Idan aka duba, hannun mai gyara bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin da ya cinye kuɗin 'yan robobi ne da ba su cika tafin hannu ba, saboda da dala ake sayensu daga waje. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, don haka abin da ɗan Amurka ke ɗauka ƙaramin kashe kuɗi ne, a wurinmu sai an yi shawara da iyali. A ganina 25,000 ba ta yi yawa ba ga mutumin da ya sayi kayan aiki na musamman, ya koyi aikin, ya kuma ɗauki alhakin buɗe abu mai tsada irin wannan.

Na tambaye shi ko ba za a iya amfani da man fok na babur ba, tunda ana samunsa a kasuwa. Ya ce wasu na yi kuma yana ɗan tafiya a kuben ƙasa, amma shi ba ya so, domin kaurin man ya bambanta, kuma bai san abin da sinadaransa za su yi wa robobin ba. Na yarda da shi, musamman da yake abin da ake zubawa kaɗan ne, kwalba ɗaya za ta yi sabis da yawa. Ragowar man da giris ɗin ya haɗo mini da su a cikin kwalin, tare da tsofaffin robobin da ya cire a leda don in gani da idona. Wannan halin ya ƙara masa daraja a wurina.

Inda raina bai yi daɗi ba guda biyu ne. Farashin da ya fara faɗa mini bai haɗa da robobin sashen iska ba, sai da aiki ya yi nisa ya kira ya ce sun taurare, dole a sauya. Ban musa cewa suna buƙatar sauyi ba, na gan su. Amma mutumin da ya san aikinsa ya san tsohon fok da ba a taɓa buɗewa ba zai buƙaci haka, ya kamata tun farko ya ce mini ga ƙaramin farashi, ga kuma inda zai iya kaiwa. Na biyu shi ne jira. Ba ya ajiye kayan gyara, sai ya karɓi kuɗi sannan ya yi oda, ko ya jira wani mai dawowa daga waje ya riƙo masa. Kekena ya yi makonni a jingine babu gaba, a daidai lokacin da hanya ta bushe ta yi daɗin hawa. Na fahimci cewa jari ne ba shi da shi, kuma nau'in robobin ya bambanta daga milimita 30 zuwa 32, 34, 35 har sama. Amma mai 32 shi ne ya fi yawa a irin kekunan da nake gani a hannun jama'a, da zai ajiye ko guda uku da ya rage wa mutane wahala.

Da fok ɗin ya dawo na ɗaura shi, bambancin ya fito tun kafin in hau. Da tafin hannu ɗaya na danna kan keken ya nutse ya dawo ba tare da wannan cijewar ta farko ba. Ya rubuto mini a takarda yawan iskar da ya sa, ya kuma ce in zauna a kan keken da kayan hawana in duba zoben robar da ke jikin sanda: nutsewar ta tsaya wajen kashi 20 cikin ɗari na tsawon tafiyar fok ɗin, wato kusan milimita 20 a fok mai 100. Da na gwada sai na ga ya ɗan yi mini tauri, na rage iska kaɗan da ƙaramin famfon shokazoba. Famfon taya ko injin mai faci ba sa yin wannan aikin, ɗakin iskar ƙarami ne ƙwarai, kuma ana buƙatar ma'auni mai kyau. A gangaren da ke saukowa daga wajen Shere, inda a da nake riƙe birki saboda tayar gaba na tsalle, yanzu tayar na manne da ƙasa, kwana na shiguwa yadda nake so, kuma ciwon wuyan hannun da nake kwana da shi ya ragu sosai. Wannan maganar tsaro ce ma, ba ta jin daɗi kaɗai ba, domin tayar da ke sama ba ta kama birki.

Ya ba ni wasu shawarwari da ba sa cin ko kwabo. In goge sandunan da tsumma mai tsabta bayan kowace fita. Kada in bari yaran wurin wankin mota su saita injin feshi a bakin robobin, don ruwan na tura datti ciki ne. Kada fetur ko kananzir su taɓa wurin. Lokaci-lokaci kuma in kifa keken na 'yan mintuna kafin in fita, man ƙasa ya gangaro ya jiƙa soson. Ya kuma ja kunnena a kan birki, cewa na Shimano da man minaral yake aiki, kada wani ya zuba masa man birkin mota ya kumbura robobin ciki.

Wanda ke da fok mai iska na kirki, kuma da gaske yake shiga daji da shi, ina ganin ya kai a yi masa wannan sabis ɗin tun sandunan ba su kode ba. Mai shirin sayen keken gwanjo kuma ya sa kuɗin sabis a cikin lissafin cinikinsa, ya shafa sandunan da yatsa, ya duba ko akwai karce ko kodewa kusa da roba kafin ya biya. Amma mai fok na sifirin irin SR Suntour XCT ko XCM, wanda shi ne a kan yawancin kekuna masu sauƙin kuɗi, ba ya buƙatar aika shi Abuja. Cikinsa sifirin ne da giris, mai gyara mai natsuwa a nan Jos zai iya kwance shi ya wanke ya shafa sabon giris. Wanda kuwa makaranta ko kasuwa kawai yake zuwa a kan kwalta, fok na ƙarfe marar shokazoba ya fi masa kwanciyar hankali. Abin da nake jan hankalin matasa a kansa shi ne keke mai shokazoba gaba da baya. Yana da kyan gani, amma kuɗin kula da shi ninki biyu ne, ga boris na gaɓoɓin firam da ke lalacewa, kuma babban sabis na shokazoban baya yakan buƙaci kayan aiki na musamman, wasu ma sai an ɗura musu iskar naitirojin. Bakaniken nan da kansa ya ce mini gwangwanin iskar na baya kawai yake iya yi wa sabis, ba ya shiga can ciki.

Sashen man da ke daidaita nutsewa da dawowar fok ɗina bai taɓa shi ba a wannan karon, ya ce yana aiki daidai, a bar shi zuwa babban sabis. Na ce ya turo mini cikakken farashin wancan aikin a rubuce, kuma ya yi odar kayan su iso hannunsa kafin in kwance fok ɗin daga jikin keke. Ƙaramin sabis na awa 50 kuwa ya yi alkawarin nuna mini yadda ake yi idan na shiga Abuja, tunda alanki da soket da gudumar roba ne yawancin kayan aikin, mai da giris kuma ina da ragowa. Ina so in yi shi a gida a ƙarshen hunturu, kafin ruwan Afrilu ya sauka.