Bajon ƙirji ko famfon zuƙar iska: wanne ke auna toriyom?

Ɗan'uwanmu mai waldar argon a nan Maradi ya tambaya: sandunan tungsten masu jan baki da yake wasawa suna da toriyom (ƙarfe mai fitar da tiriri, wato radiyeshon), to bajon auna tiriri irin na ma'aikatan yuraniyom a Arlit ya ishe shi, ko sai an auna iskar shagon?

Malam, bajon ba zai gaya maka abin da kake nema ba. Sandar nan tana ɗauke da toriyom kashi 2 cikin 100, kuma tiririn da irin wannan toriyom (toriyom 232) ke fitarwa shi ne wanda ake kira alfa, wanda ko takarda ɗaya ta tare shi. Bajo kuwa tiririn da ake kira gama, mai ratsa abubuwa, yake kamawa, wato abin da ya bugi jiki daga waje. Sanda na cikin kwalinta ba ta da wata barazana sosai. Haɗarin yana wurin dutsen washi, inda ƙurarta ke tashi ta shiga huhu ta zauna shekaru, bajon na ƙirjinka yana nuna lafiya lau.

Famfo shi ne daidai: ƙaramin inji a ƙugu, matatarsa a wuyan riga kusa da hanci, yana zuƙar iskar da kake shaƙa har a tashi aiki. Sai dai yana da sharuɗɗa. Ba a ƙirga alfan da ke kan matatar nan take, domin dalma 212, ɗaya daga cikin abubuwa masu tiriri da toriyom ke rikiɗewa zuwa gare su, tana mannewa a kanta, kuma sai bayan awa 10.6 rabinta ke gushewa. Dole a ajiye ta kwana uku ko huɗu, in ba haka ba lissafi ya kumbura. Ga kuma matsalarmu ta hunturu: ƙurar gari in ta yi kauri a matata tana binne alfa, sai a ga adadi ƙasa da gaskiya. Lokacin nan a riƙa canza matata da wuri.

Gwajin fitsari? Ban ba shi ƙarfi ba. Wannan toriyom ba ya narkewa da sauƙi, kaɗan ƙwarai ke fita ta nan. Na bayan gida ya fi nuna shi.

Aikin awo na masu izini ne, hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya da ke Yamai za a nema. Kafin nan, in da hali koma sanda mai ƙarfen seriyom ko lantanom maimakon toriyom, walda ɗaya suke yi ba tare da wannan tiririn ba.