Gargaɗi kan wani mai da'awar yanka soson kariya da na'ura a Katsina

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana masu gyaran injuna, da masu gyaran inbata da kayan sola, da duk wanda ke aika kaya masu tsada ta mota daga Katsina zuwa Kano ko Kaduna ko Legas. Akwai wani mutum da ke zagaya garejoji da shagunan da ke tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, yana kuma tallata kansa a Facebook da WhatsApp, yana cewa shi wakilin wata masana'anta ne da ke yanka soson kariya, wato wanda ake jera kaya a cikinsa don kada su lalace a hanya, daidai da siffar kaya, da na'urar nan mai aiki da kwamfuta da ake kira CNC. Ba zan ambaci sunansa ba, domin maganar tana hannun hukuma, kuma daga baya na gano cewa sunan da ya faɗa mini ba shi ya faɗa wa wasu ba.

Sana'ata gyaran famfon dizal da injekta, wato abin da ke fesa man dizal a cikin inji. Duk wanda ya san aikin ya san cewa waɗannan kaya nauyinsu na ƙarfe ne amma lallaɓarsu ta ƙwai ce, domin ramukan da ke bakin nozul, wato tsinin injekta da mai ke fita ta cikinsa, ba su kai kaurin allurar ɗinki ba, kuma bugu ɗaya a kan soket ɗin lantarkin injekta ya isa ya mayar da aikin kwana uku banza. Shekara da shekaru muna naɗe su da tsumma da tsohuwar jarida, mu cusa a kwali, mu miƙa wa direba a tasha, mu bi da addu'a. Tsakanin Katsina da Kano kilomita kusan 170 ne, kuma ba kowane direba ne ke damuwa da abin da aka ɗora a kan kwalinka ba. Saboda haka da mutumin nan ya shigo da samfur a hannu, ya tarar da mai buƙata.

Samfurin da ya nuna mini na gaskiya ne, kuma a nan damfarar take. Baƙin soso ne mai tauri, an fafe masa gurabe shida masu zurfi ɗaya, bangonsu sumul, kusurwoyinsu a lanƙwashe kamar yadda bakin na'ura ke barin su. Na sa injekta a gurbi ta zauna daram, na kifa soson ba ta faɗo ba. Ya ce mini, "Maigida, ko daga kan mota kwalin nan ya faɗo, kayanka ba za su ji ba." Irin wannan soso na foliyetilin ne, wanda ƙwayoyin iskar da ke cikinsa a rufe suke, shi ya sa ba ya shan ruwa, ba ya marmashewa, kuma idan aka danne shi yakan tokare maimakon ya lotsa gaba ɗaya. Ɗan'uwansa shi ne EVA, wanda ake yin ƙasan silifa da shi. Soson katifa kuwa na foliyuretan ne, ƙwayoyinsa a buɗe suke, yana tsotsar ruwa da mai, kuma ƙarfe mai nauyi yana danne shi har ya taɓa ƙasan kwali. A hoton waya duka ukun kamarsu ɗaya, musamman idan baƙaƙe ne.

Muka yi ciniki a kan guda 40. Ya nemi kafin alƙalami na kashi 70 cikin 100, wai domin a sayo soson daga Legas, ya kuma ba ni lambar asusu mai sunan wani mutum dabam, ya ce akawun masana'antar ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Akwai kuma abu na biyu da na bari ya wuce ni, wanda ya fi na farko muhimmanci ga mai sana'a: bai auna komai ba. Mai aikin gaske zai karɓi kayan ya auna tsawo da kauri da ma'auni, ko ya nemi zanensu na kwamfuta, ya tambayi nauyin kowane ɗaya da girman kwalin da za a sa su, domin da waɗannan ne ake zaɓar taurin soso, ake kuma tsara hanyar da bakin na'urar zai bi. Shi kuwa hoto kawai ya ɗauka da wayarsa, ya ce injiniyansu ya san duk nau'in injekta a ka.

Ya yi alkawarin mako biyu, aka shafe biyar. Ran nan ya bugo waya cewa kaya sun iso tasha, amma ba zai turo lambar direba ba sai na cika ragowar kuɗin, domin a cewarsa an sha cinye masa. Na cika. Yarona ya je ya ɗauko buhu biyu ɗinkakku, yana buɗewa ya ce, "Oga, wannan ai soson kujera ne." Guntattakin soson katifa ne irin wanda masu yin kushin ke zubarwa, an manna su da gam hawa-hawa, an fafe gurabe da wuƙa, sannan aka fesa baƙin fenti a sama. Babu gurbi biyu masu zurfi ɗaya. Fentin ma yana kama hannu.

Na ƙara wa kaina asara, kuma zan faɗe ta domin kada wani ya maimaita. Wani abokin ciniki a Kano yana matsa mini lamba, sai na ce ko ba komai ya fi tsumma, na jera masa injekta shida a ciki. Damina ce, an ɗaure kwalin a saman mota, ruwa ya same shi a hanya. Soson ya sha ruwan ya riƙe shi a jikin ƙarfen, kayan suka kwana biyu a tasha kafin a karɓa, aka buɗe aka tarar da tsatsa a jikin huɗu, soket ɗin biyu sun karye saboda sun yi ta karo da juna. Ni na biya.

Da na fara ba da labari sai na ji ba ni kaɗai ba ne. Wani maƙwabcina mai gyaran inbata ya sayi soso ruwan hoda daga hannun mutumin, wai mai hana tartsatsin lantarkin da ke taruwa daga gugar abu da abu, wanda ke iya ƙona ƙananan sassan allon inbata ba tare da an ga alamar ƙuna ba. Gaskiya ne cewa irin wannan soso akan yi shi ruwan hoda, amma launin alama ce kawai da masu yin sa ke sa wa domin a bambanta shi, sinadarin da aka gauraya a ciki shi ke aikin. Rini ba ya hana tartsatsi, kuma ido ba ya iya tantancewa sai da mitar da ke auna juriyar lantarki a fuskar soson. Na maƙwabcin nawa, da aka tsaga shi, cikinsa fari ne.

Wanda zai sayi irin wannan kaya zai iya gwada shi a shagonsa da abin da ke hannunsa. A yanki gefen soson a tsoma a ruwa a matse: na foliyetilin ruwan zai gangare daga jikinsa, na katifa zai tsiyayar da ruwa kamar soson wanka. A kuma tambayi nauyinsa, domin da shi ake sayar da soso, ana lissafa shi da kilo a kowace mita mai tsawo da faɗi da tsayi ɗaya. Gwajin ba shi da wuya: yanki mai santimita 10 ta kowane ɓangare, idan an ce soson mai kilo 35 ne, giram 35 zai auna, kuma ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya zai nuna hakan. Mai kilo 27 zuwa 35 ya dace da kaya marasa nauyi, famfon dizal kuwa yana son wanda ya kai 60 ko ya wuce. Sai dai gwajin samfurin da mai talla ya zo da shi ba ya tabbatar da komai, tunda ni ma samfur mai kyau na gani. A nemi a yanka guda ɗaya a kan kayanka, a gwada shi, a rubuta nau'in soson da nauyinsa da yawansa a rasit, kuma kada ragowar kuɗi ta fita sai an buɗe buhu a gabanka. Idan ya ce suna da na'ura, a nemi adireshin wurin, a tura wani ya je ya gan ta tana aiki, domin bidiyon da ya turo mini na ga irinsa sak a intanet, na wata masana'anta a Sin.

Sunan kamfanin da ke kan takardarsa na bincika shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, inda kowa zai iya dubawa kyauta, ban same shi ba. Na kai ƙara ofishin 'yan sanda, na kuma rubuta wa bankina da shaidar tura kuɗi domin a bi asusun da ya karɓa. Ana kuma iya kai koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ko ga EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara.

Yanzu mu huɗu ne muka haɗa rasit da saƙonnin waya, kuma asusun da muka tura wa kuɗi guda uku ne, kowanne da sunansa. Lambar da yake kira da ita a kashe take, amma a makon jiya wani bakanike daga Daura ya shaida mini cewa wani mai irin wannan siffa ya je garejinsu da baƙin soso mai gurabe shida. Duk wanda ya taɓa biyan sa, kada ya zubar da soson kuma kada ya goge saƙonnin, domin jami'in da ke binciken ƙarar ya ce yana buƙatar su a matsayin shaida.