Kundin adana kan sarki mai baƙaƙen shafuka: tsaro ya yi, neman abu a ciki ne aiki

Kundin da zan yi magana a kansa ƙirar Jamus ne, girmansa kamar na takardar ofis, mai shafi 64. Kowane shafi baƙin kwali ne mai kauri, da layuka tara na leda garau da ake zura kan sarki a ciki, sannan tsakanin shafi da shafi an sa siririyar takarda mai sheƙi don kada fuskar wannan ta goga ta wancan. Babu ruwanka da gam ko liƙi. Ƙanena ne ya taho mini da guda uku daga Turai, domin ban ci karo da irinsa a kantunan littattafan da nake zuwa ba. Da tsada, musamman in aka juya kuɗin zuwa naira. Damina ta same su a ɗakina, hunturu ma ya same su, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Abin da na zuba a ciki yawanci na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin akawu tun zamanin En'e, ba ya kuma yar da ambulan. A gwangwanayen biskit ya bar su, wasu kuma a manne cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta. Akwai 'yan ƙalilan na Arewacin Nijeriya tun tana ƙasa mai kan sarkinta, daga 1900 zuwa haɗewar 1914. Akwai jerin 1936 mai kan Sarki Joji na Biyar, da jerin 1953 na Sarauniya Elizabet wanda na kwabo yake ɗauke da mahayan Barno, na ahu kuma gyaɗar Kano. Akwai guda biyun nan na samun mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, na taro mai zauren Lugga na Kaduna da na sule mai masallacin Kano. Sauran ni na tara: na 'yancin kai na 1960, na namun daji na 1965, na naira da kwabo daga 1973, da na Nijar da 'yan'uwanmu na Maraɗi suke aiko mini.

Ta fuskar tsaro ba ni da abin cewa sai yabo. Wanda ya taɓa ajiye takarda a ƙasar nan ya san abokan gabarta: laimar Agusta da ke narka danƙon bayan kan sarki ya kama duk abin da ke kusa da shi, ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, kyankyaso da gara, sai jajayen ɗige-ɗigen nan kamar tsatsa da ke cin takarda in danshi ya daɗe a jikinta. Tun da na kwashe su daga gwangwani ban ga sabon tabo ko ɗaya ba. Ledar ba irin mai taushi mai warin roba ba ce da ake sayarwa don hotunan biki, wadda kan jiƙe ta ɓata launi in ta kwana biyu. Ɗinkin gindin kundin yana da ƙarfi, yana buɗewa ya kwanta shimfiɗe ba sai ka danne shi da hannu ba. Baƙin shafin kuwa yana fito da haƙoran gefen kan sarki tsaf, har wanda ya rasa haƙori ɗaya ka gan shi daga nesa. Sharaɗi guda ne: a tsaye ake ajiye shi kamar littafi a kanta. In ka kwantar ka ɗora wani a kansa, nauyi da zafi za su manne sababbin kan sarki masu danƙo a baya da shafin, kuma babu kundin da zai hana wannan.

Matsalarsa daga cikin alherinsa ta fito. Tunda ba a liƙe komai ba, komai yana iya motsawa. Shafukan ba su da lamba. Baƙin kwali ba ya karɓar fensir, to babu inda za ka rubuta shekara ko suna. Ƙananan kan sarki irin na da, in layin bai cika ba, sukan zame gefe, wani ya shige bayan wani ya ɓuya ɗungum.

Haka na nemi na sisi na 1936 na rasa. Shi ne mai hoton hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda Turawa suka rubuta mata sunan hasumiyar Haɓe a jikinsa, kuma a duk kan sarki goma sha biyun da ke jerin 1936 shi na fi so, ko da yake ba shi ne mafi tsada ba. Na ciro shi da matsefata na nuna wa wani baƙo, na mayar, na san na mayar. Da na sake buɗe layinsa sai gurbi. Na bi kundi uku shafi-shafi, na kaɗe darduma, na duba ƙarƙashin kujera, har zuciyata ta fara raya mini abin da bai kamata in zarga wa baƙo ba, wanda shi ne mafi munin abin da ɓatan kaya ke jawowa. An yi watanni. Ranar da na tashi gyara shafukan Nijar sai ga shi lafe a bayan wani kan sarki na 1926 mai hoton ganuwar sojan Damagaram, a wani kundin daban wanda shi ma yake buɗe a kan tebur ranar da baƙon ya zo. Shafi baƙi, layi tara, duk kamarsu ɗaya. Ko ƙwarzane bai yi ba, kundin ya tsare shi sarai, amma da na mutu a tsakanin nan babu mai sanin akwai shi, balle ya neme shi.

Akwai kuma ɓata na biyu wanda ya fi wannan wuyar ganewa, wato kan sarki yana gabanka amma ya zauna a gurbin wani. Na Arewacin Nijeriya masu kan Sarki Edwad na Bakwai an buga su a 1902, aka sake bugawa daga 1905 da zane iri ɗaya. Bambancin yana cikin takardar: na farko alamar ruwa, wato tambarin da ke ɓoye cikin takardar, ɗaya ce, kambi da haruffan CA, na biyun kuma alamar a maimaice take ta cika takardar. Sai ka kifa shi a kan baƙin abu ko ka ɗaga shi ga haske kafin ka rarrabe, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. In ka ciro biyu lokaci guda ka mayar ba tare da rubutu a kusa ba, sun cakuɗe ke nan, sai ka sake binciken daga farko.

Maganin bai zo tare da kundin ba, ni na haɗa shi. Na sa wa kowane kundi harafi, na liƙa wa kowane shafi lamba a kusurwa. Na yanka farar takarda ƙanana ina rubuta shekara da lambar kan sarkin da fensir, in zura a farkon layi. Lambar kuwa daga littafin Stanley Gibbons nake ɗaukowa, kamfanin Ingila da yake sana'ar kan sarki tun 1856, wanda yake da juzu'i na musamman a kan Afirka ta Yamma. Da lambarsa masu saye da sayarwa ke kiran kan sarkin ƙasashen da Ingila ta mulka. Sannan na sayi babban littafin rajista mai layi irin na 'yan kasuwa: lamba, shekara, ko sabo ne ko an buga masa hatimi, lafiyarsa, inda na samo shi, sai kundi da shafi da layi. Duk shafin da na gama sai in ɗauke shi hoto da waya, in tura wa babbar 'yata ta adana. Yanzu in na ciro abu, ina barin jar takarda a gurbinsa har ya dawo. Aiki ne mai cin ido da baya, kuma a ganina mai ƙera kundi a wannan farashi ya kamata ya buga lambar shafi tun daga masana'anta.

Ita 'yar tawa ce ta kai maganar inda ban yi niyya ba. Tana duba hotunan sai ta ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, amma wannan kaya ranar da babu kai yaya za mu yi da su? Mu fa ba mu san na kirki da na banza ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ban ji haushi ba. Na sha ganin yadda ake yi da takardun mamaci: a raba gida da gona da kuɗi yadda shari'a ta ce, takardu kuwa a zuba a buhu a kai zaure, damina ɗaya ta gama da su. Ko kuma akasin haka, wani ya ji labari a intanet cewa tsohon kan sarki miliyoyi ne, magada su riƙa zargin juna a kan abin da bai kai kuɗin ragon suna ba.

Dole mai tarawa ya gaya wa iyalinsa gaskiyar darajar kayansa. Gaskiya ne akwai na Arewacin Nijeriya na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda yake cikin mafi wuyar samu a duk kan sarkin ƙasashen renon Ingila, amma ba ni da shi, kuma da wuya ya kasance a gwangwanin kowa. Jerin 1953 da waɗanda suka biyo baya an buga su da yawan gaske, masu hatimi a cikinsu kuɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Farashin da ke cikin littafin Stanley Gibbons na mai sayarwa ne a kan kaya marar aibu, dillalin da zai saya a hannunka kaso kaɗan na wannan zai ba ka, in ma ya so. Masu tambarin Biyafara na 1968 da aka buga a kan na Nijeriya jabunsu ya yi yawa, shi ya sa na rubuta a gaban nawa cewa ba a tantance su ba. A rajistar na ƙara layi guda da jan biro, na yi wa ƙalilan ɗin da suka cancanci a kai gwanjo alama, don kada a sayar da su a dunƙule da sauran.

Abin da na fi ja wa 'ya'yana kunne a kai shi ne ambulan. Kada a jiƙa, kada a ɓamɓare kan sarkin daga jiki. Ambulan mai hatimin Zungeru ko Lakwaja ko Jabba, ko na gidan wayar da ke tafiya cikin jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Kano a 1911, ya fi kan sarkin da ke jikinsa daraja nesa ba kusa ba, domin yana faɗin gari da rana da hanyar da wasiƙar ta bi. Masu nazarin wannan fanni suna da ƙungiya a Ingila, West Africa Study Circle, mai mujalla da ake kira Cameo, kuma na rubuta sunanta a shafin farko na rajistar don magada su san inda za su fara tambaya. A nan ma kundin bai yi mini amfani ba: layukansa gajeru ne, ambulan ba ya zama a ciki sai ya lanƙwashe. Waɗannan sai da na nema musu jaka ta daban mai faɗin aljihu.

Na je wurin malaminmu na unguwa da rajistar a hannu, na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ma gado ne?" Ya ce duk abin da yake da ƙima dukiya ce, ta shiga rabo. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. In ina son wani ɗa ya riƙe su shi kaɗai, to in ba shi kyauta yanzu ina da rai da lafiya, ya karɓa su koma hannunsa a gaban shaidu, in kuma kiyaye adalci tsakanin 'ya'ya. A kan wannan na tsara nawa. Na bayan 1960 na riga na miƙa wa jikana da yake zama kusa da ni in ina aiki, ya tafi da kundi guda. Wasiƙun mahaifina masu maganar aikin En'e na rubuta wasiyya a miƙa su ga wata ma'adanar tarihi, Gidan Arewa na Kaduna nake buri in za su karɓa. Masu jan alama kuwa ni da kaina zan sayar tun idona yana gani, domin ni na san abin da suke, kuma kuɗi ya fi sauƙin rabo a kan takarda goma sha biyu da in aka rarraba su darajar jerin ta tafi.

Wanda yake da kan sarki a gwangwani ko a ambulan, ina ba shi shawarar ya sayi wannan kundi ba tare da wata-wata ba, amma ya zaɓi mai fararen shafuka in yana son yin rubutu a gefe, kuma kada ya zura ko ɗaya kafin ya sa lambar shafi ya buɗe rajista. Wanda ya riga ya san ƙasa ɗaya zai bi daga farko zuwa ƙarshe, kundi mai gurbin kowane kan sarki a buge da hotonsa ya fi masa, don a can gurbi da kansa yake faɗin abin da ya fita. Shafukan Nijar ne suka rage mini ban shigar a rajista ba, su kuwa da lambobin Yvert et Tellier na Faransa ake cinikinsu, littafin da har yanzu nake jiran wani ɗan'uwa ya samo mini daga Yamai.