Wace waya za ki saya idan 'yan kunne da zobe za ki ƙera a gida?

Mai shago zai jera miki ƙullin waya kala-kala a kan kanta, duk suna walƙiya, ya ce ki zaɓa. Ido ba zai raba miki su ba. Sau da yawa wadda ta fi ƙyalli ita ce za ta fara kunyata ki, don ƙyallin nan ruwa ne aka yi mata, filaya na cizonta zai ɓare. Kafin a zo maganar launi, abu biyu za ki tambaya: mene ne kaurinta, kuma da wane ƙarfe aka yi ta.

A wajen kauri ne sababbin shiga suka fi asarar kuɗi. Wayar da ake shigowa da ita tana zuwa da lambar da ake kira geji, lissafin kuma a baibai yake: lamba na hawa, waya na sirancewa. A ma'aunin Amurka geji 18 kusan milimita 1 ne, geji 20 milimita 0.8, geji 22 wajen 0.6, geji 26 kuwa 0.4. Akwai kuma ma'aunin Ingila, wanda masu naɗin fanka da injin ruwa suka fi sabawa da shi, kuma a can geji 20 ya kai 0.9. Bambancin kamar ba komai ba, amma a hujin kunne ana jin sa. Shi ya sa gara ki yi ciniki da milimita, ki bar geji ga mai shago.

Milimita 0.8 ita ce uwar aiki. Da ita ake ƙugiyar da ke shiga kunne, da ita ake 'yar da'irar da ke haɗa dutse da ƙugiya. Jikin zobe yana son wadda ta fi haka ƙwari, milimita 1 zuwa 1.3, in ba haka ba ranar farko da aka ɗauki bokiti da shi zai lotse. Siririyar, 0.4 ko 0.3, ta naɗi ce: ɗaure dutse, rufe mahaɗa, ƙawata jikin zobe. Idan kuɗinki na ƙulli biyu ne kacal, ki ɗauki 0.8 da 0.4. Zobe ma zai fito idan kika zagaya ta 0.8 ɗin sau biyu ko uku kika ɗaure da siririyar.

Akwai kuma tauri. A jikin ƙulli mai kyau akan rubuta ko mai laushi ce, ko matsakaiciya, ko mai tauri. Mai laushi ta naɗi ce, matsakaiciya ta ƙugiya. Ba lallai ki sayi duka ba, domin ƙarfe yana ƙara tauri gwargwadon yadda aka lanƙwasa shi ko aka daddoke shi. Ki lanƙwasa ƙugiya da mai laushi, ki ɗora bayanta a kan ƙarfe mai santsi, ki ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, za ta tsaya. Wannan halin ne kuma ke sa waya karyewa idan kika yi ta miƙewa da lanƙwasawa a wuri ɗaya.

Jan ƙarfe shi ne na koyo, kuma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ta fara da wani abu daban ba. Yana da laushi, yana da araha, in kin ɓata ba za ki yi kuka ba. Ba ma sai kin je shagon kayan ado ba. Wayar wutar gida mai sanda ɗaya, wadda masu wayarin ke kira 1.5, idan aka feɗe robarta kaurin cikinta wajen milimita 1.4 ne, daidai zobe mai jiki. Ta 2.5 ta kai kusan 1.8, wannan sai awarwaro. Sai dai ki kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. Idan cikin ya fito fari, alminiyom ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, ki ajiye musu abinsu. Wayar naɗin fanka ma jan ƙarfe ce, tana zuwa a kauri iri-iri, kuma fanis ɗin da ke jikinta yana hana ta dafewa har sai ya goge.

Aibin jan ƙarfe kowa ya san shi: gumi na taɓa shi sai ya bar kore a yatsa. Koren ba ciwo ba ne, sabulu na fitar da shi, amma wadda ta ba ki kuɗi ba za ta tsaya sauraron wannan bayani ba. Tagulla mai ruwan ɗorawa, irin wadda maƙeran Bida suka yi suna a kanta, ta fi shi tauri kuma daga nesa sai a ce zinariya ce. Ita ma jan ƙarfe ne mafi yawan jikinta, don haka tana dafewa. Duka biyun ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, na dawo musu da haske, a ɗauraye a shanya sosai.

Wayar goran ruwa, wato alminiyom, ita ce mai launukan nan, shuɗi, ja, ruwan hoda. Ba ta da nauyi, shi ya sa ta dace da manyan 'yan kunne na fita biki da ba a son su ja kunne. Ga zobe kuwa ba ta da amfani sai ta yi kauri sosai, kuma duk inda filaya ta taɓa sai launin ya nuna tabo.

Wadda aka yi wa ruwan zinariya ko ruwan azurfa ita ta fi cika kasuwa, ita kuma na fi jan kunne a kanta. A ɗan kunne tana iya daɗewa, tunda ba abin da ke goga ta. A zobe labarin daban ne. Hannun da ke alwala sau biyar a rana, ga wanke-wanke, ga turare, ga man shafawa, ba da jimawa ba ruwan zai tafi ya bar ƙarfen ciki tsirara. Ki riƙa zuwa kasuwa da ɗan maganaɗisu a jaka. Jan ƙarfe da tagulla da azurfa da alminiyom duk ba sa kama shi. Wadda ta manne, baƙin ƙarfe ne a ciki, tsatsa na tafe. Akwai wata da ta fi wannan daraja nesa ba kusa ba, wadda ake rubuta wa 14/20 ko GF. Ita ba shafe aka yi mata ba, fallen zinariya aka manna mata, kashi 1 cikin 20 na nauyinta. Tana shekaru, amma tsadarta ba ta koyo ba ce.

Azurfa ta gaske tana da lamba 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Tana baƙi idan ta jima a iska, amma goga ɗaya ta dawo, tunda har cikinta abu ɗaya ne. Wanda ya fi kowa sanin ta shi ne maƙerin fari, daga na Kano har na Agadas, kuma mai jan waya da kansa zai iya fitar miki da kaurin da kike so, ya auna miki da giram. Idan kina da niyyar sayar da zobe ga maza, nan za ki dosa, tunda azurfa suke sawa, zinariya ba tasu ba ce a addini. Ki kula da abin da ake kira azurfar Jamus. Ko ɗigon azurfa babu a cikinta, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya.

Nikel ɗin nan shi ne mafi yawan dalilin da ke sa kunne ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ruwa bayan an sa ɗan kunne mai araha. Tarayyar Turai tun 1994 ta kafa dokar iyakance shi a kayan da ke taɓa fata, amma ƙullin da ba rubutu a jikinsa ba ki da hanyar sanin abin da ke cikinsa. A nan ne ya kamata kuɗinki ya tafi. Jikin ɗan kunnen, wanda ke lilo a iska, ki yi shi da jan ƙarfe ko tagulla. Ɗan guntun da ke ratsa nama kuwa ya zama azurfa 925, ko titaniyom, ko silba, wato ƙarfen nan mai haske da ba ya tsatsa, mai lamba 316L. Ita ta ƙarshen akwai nikel a cikinta amma ba ta cika sakin sa ba, yawancin mutane suna zama lafiya da ita, masu fatar da ba ta son wargi su nemi titaniyom. Silba tana da taurin kai wajen lanƙwasawa, gara ki sayi ƙugiyoyinta haɗaɗɗu.

Kayan aiki uku ne: filaya mai zagayayyen baki ta yin da'ira, mai shafaffen baki ta riƙewa da matsewa, sai ta yanka. Filayar mai gyaran wuta tana da haƙora, za ta tauna miki waya. In ita ce a gida, ki naɗe bakinta da salatif kafin ki samu mai santsi. A cikin ukun, ta yankan ce kaɗai zan ce kada ki yi rowa a kanta. Ki nemi mai gefe ɗaya a shafe, wadda ke yanke waya ɗaf ba ta bar tsini ba, kuma kada ki yanka silba da ita, bakinta zai yi giɓi.

Sandar auna zobe mai lambobi tana da daɗi idan sayarwa za ki yi, amma jikin alƙalamin maka mai kauri ko wata sanda mai santsi ta isa ki fara. Yatsar mace matsakaiciya tana ɗaukar zobe mai faɗin ciki wajen milimita 17. Ki naɗa a wuri da ya ɗan fi haka siranta, domin waya na ɗan buɗewa idan an sake ta. Sannan ki haɗa da samfefa mai laushi ko abin goge farce, ki goge bakin kowace ƙugiya, ki gwada ta a bayan hannunki. Idan ta karce ki, ba ta isa shiga kunnen kowa ba tukuna.