Aikin buɗe kai ko Gamma Knife, wanne ya fi ga ciwon fuska mai tsira kamar lantarki?

'Yar uwa, na ga tambayarki a kan mahaifinki, kin ce ɓarin fuskarsa na dama ke tsira masa kamar lantarki ya ja shi, maganin Tegretol ya daina riƙe ciwon, likita ya ce ku zaɓa tsakanin aikin buɗe kai da Gamma Knife, wato magani da hasken radiyeshan. Allah Ya ba Baba lafiya.

A cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kowane ɓari na ƙwaƙwalwa, ta 5 ce ke kula da jin taɓi a fuska, kuma galibi wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kanta tana bugunta har rigar da ke lulluɓe da jijiyar ta 5 ta cinye, shi ya sa ko goge baki ko iska ta kaɗa sai ciwon ya taso. Wasu bayin Allah ma har haƙora ake cire musu a banza kafin a gano, abin na min ciwo wallahi.

Toh shi aikin, sa mutum bacci ake a huda ƙashi bayan kunne a ɗage jijiyar jinin a sa ɗan matashin Teflon (wani abu mai laushi kamar auduga) tsakaninta da jijiyar fuskar. Likita Peter Jannetta na Amurka ne ya yaɗa shi, kuma rahoton da su ka fitar a 1996 kan mutum sama da 1,000 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari ba ciwo ba shan magani bayan shekara 10. Da yawa suna farfaɗowa ne su ji ciwon ya tafi. Amma fa aikin kai ne, akwai haɗarin kunnen ɓarin ya rage ji, ko ruwan ƙwaƙwalwa ya yi yoyo, shanyewar jiki ko rasa rai ba kasafai ba amma yana faruwa, ga kwanciyar asibiti na kwanaki.

Gamma Knife kuwa, wanda Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, ba yanka ba jini, haske ake tattarawa a kan jijiyar ya ɗan raunata ta, yawanci ranar ake komawa gida. Matsalarsa sauƙin baya zuwa nan take, sai an jira makonni ko watanni ana ci gaba da magani, fuska na iya sagewa, kuma ciwon ya fi saurin dawowa tunda ba a ɗage abin da ke danne jijiyar ba.

A ganina in Baba na da ƙarfi kuma hoton MRI ya nuna jijiyar jinin ƙarara, aikin ya fi. In akwai ciwon zuciya ko yana shan maganin tsinka jini, hasken ya fi masa kwanciyar hankali. Ki tabbatar hoton ya nuna ba ƙari ne ke danne jijiyar ba, don in ƙari ne lissafin ya canza gaba ɗaya. Ki kuma tambayi likitan sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, kar ki ji nauyi. Kuma don Allah kar Baba ya yanke maganin da kansa.